Kitson Asabar

Tun hantsi Mai Kitso ta kasa zama wuri guda. Ta share shago, ta sake sharewa. Ta jera mataji da kibiya da man kitso a kan tire, ta kwashe, ta sake jerawa. Duk motar da ta rage gudu a bakin titi sai ta yi zumbur ta leƙa, motar ta wuce, ta dawo tana tsaki. Matar da ke zaune a gabanta da kai rabi a tsefe ta gaji ta ce, "Baiwar Allah, in yau ba ki jin aikin nan ki faɗa mini, in ɗaura ɗankwalina in ƙara gaba."

"Yi haƙuri don Allah. Yau Asabar ce, 'yata za a kawo mini."

Asabar ce rabonta a duniya. Haka alƙali ya yanke da aurenta ya mutu: 'yarta Shalele ta zauna wurin ubanta saboda makaranta, a kawo ta wurin uwa ranar Asabar da safe, a ɗauke ta Lahadi da yamma. A baki abin gwanin daɗi. Amma safiya ta koma azahar, azahar ta koma la'asar, kowace Asabar ta koma wata Asabar ɗin. Kuma ba a taɓa rasa dalili ba: yau mura, gobe tayar mota, jibi jarrabawa, gata an yi baƙi.

Uban yarinyar kantin magani gare shi. Ko ƙofar makarantar likita bai taɓa takawa ba, amma unguwa na kiransa Dakta, shi ma bai taɓa cewa a daina ba. Mutum ne mai sanyin murya, irin wanda zai yanka ka yana yi maka sannu. Tun da Mai Kitso ta bar gidan, yayarsa ta tare a ciki da akwatunanta, ita ke dafawa, ita ke riƙe da mukulli, ita Shalele ke kira Gwaggo.

Sai da rana ta karkata motar ta tsaya. Gwaggo ba ta ko sauko ba, ta tura yarinyar waje ta ce ta taga, "Gobe da wuri za a zo. Akwai aikin makaranta."

"To Yaya, sannu da hanya. A gaida gida."

Motar ta ja ta wuce. Mai Kitso ba ta damu ba, ta riga ta sure 'yarta, tana sansanar wuyanta tana dariya. Sai ta zame mata hula ta ga kan. An tsefe kitson da ta yi mata wancan zuwan, an tattara gashin an ɗaure da roba, duk ya cukurkuɗe. Ranta ya sosu. Ita da mata ke zuwa daga unguwanni masu nisa su yi layi a gabanta, 'yarta ce ke yawo da kai haka.

Ta ba ta abinci, ta wanke mata kan, ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta ta ɗauki kibiya. Ta tsaga ƙanana-ƙanana, ta kama tun daga tushe, ta ɗaure tamau. Shalele ta fara mutsu-mutsu, ta fara shessheƙa, can ta ɓare baki.

Mai Ɗinki, maƙwabciyarta ta shagon gefe, ta leƙo da almakashi a hannu. "Ke, ki sassauta mana! Kan mutum ne, ba igiyar guga ba."

"Wa bai yi kukan kitso ba? Ke da girmanki ma hawaye kike yi a nan wurin." Mai Kitso ta sunkuya ta sumbaci tsagar. "So nake ya kai. Ban san yaushe za su sake kawo mini ita ba. In ta duba madubi ta ga hannuna a kanta."

Wannan ne duk laifinta, kuma ni dai ban ga uwar da za ta jefe ta a kai ba. Da suna kawo yarinyar kowane mako, da kitson mako guda za ta yi, mai laushi. Su suka nisanta zuwan, ita kuma ta ƙara ɗaurewa.

Da aka gama, Shalele ta kwanta a cinyarta tana ajiyar zuciya, tana wasa da yatsun uwar. Sai ta ce, "Mama, Gwaggo ta ce in kin ja mini gashi in faɗa mata."

Hannun Mai Kitso ya tsaya. "Don me?"

"Ta ce Baba yana so ya sani."

Ana tsakiyar mako Dakta ya zo shagon da kansa, a daidai lokacin da mata suka cika benci. Ya yi sallama, ya gaida kowa, ya ciro waya.

"Ni ba faɗa ya kawo ni ba, Allah ya sani. Maman Shalele, dubi nan."

Hoto ne na ƙeyar yarinyar, an matso da shi sosai. Wasu ƙananan ƙuraje sun fito a bakin gashi, irin waɗanda sabon kitso kan tayar, a shafa mai kwana biyu su baje. Amma a cikin wayar kowanne ya yi girman wake.

"Haba Baban Shalele, wannan ai ƙurajen kitso ne."

"Ke kike kiransu haka. Mu a ɓangarenmu ƙwayar cuta muke cewa. Mataji guda a kan mutum nawa? Ni ban ce da gangan kika yi ba." Ya juya ya miƙa wa matan benci wayar, ta zaga hannu zuwa hannu. "Ku iyaye ne, ku duba. Yarinya ta kwana tana kuka. In ni na yi shiru, gobe Allah zai tambaye ni."

Wata ta ce, "Kai, subhanallahi." Wata ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ya karɓi wayarsa, ya yi musu fatan alheri, ya tafi a hankali abinsa.

Asabar ta zo, mota ba ta zo ba. Wata ta sake zuwa, shiru. Mai Kitso ta daina iya gama kai guda ba tare da ta tashi sau da yawa ba. Ta kira waya, ana yankewa. Ta rufe shago ta tafi gidan, Gwaggo ta tare ta a bakin get, ta buɗe shi daidai faɗin fuskarta.

"Tana barci."

"Yaya, da rana tsaka? To bari in gan ta ko a barcin ne."

"Ke ba ki da tausayi ne? Yarinya na jin sunanki jikinta ya hau rawa. Mu muke fama da ita. Wallahi don ke muke yin haka, so muke ta huce, kada ta tsane ki gaba ɗaya. Ki ba ta lokaci."

"Wane lokaci kuma? 'Yata ce fa!"

"Ai ba wanda ya ce ba ke kika haife ta ba. Haihuwa daban, riƙo daban."

Get ya rufe. Mai Kitso ta tsaya tana jin muryar talabijin daga ciki, da dariyar yarinyar da aka ce tana barci.

Ta koma bin hanyar makaranta. Ba ta da niyyar komai, ido kawai take so ta sa. Ranar da ta hango ta ana tashi, ta ɗaga hannu ta kira, "Shalele!" Yarinyar ta waiwayo. Fuskarta ta fara washewa, sai kuma wani abu ya faɗo mata a rai, ta ɗora hannuwa biyu ta rufe kanta, ta ruga bayan malamarsu. Maigadi ya zo ya ce wa Mai Kitso, cikin ladabi, uban yarinyar ya bar saƙo kada a bar kowa ya matso ta. Ta ce ita ba kowa ba ce. Ya ce shi dai abin da aka gaya masa ke nan.

A ranar da yamma wayarta ta yi ƙara. Lambar Dakta ce. Ta ɗauka da sauri.

"Ga ta nan, ita ta ce tana son magana da ke. Ni ban sa ta ba."

Sai ƙaramar murya, a daddaƙile, irin ta mai biya hadda: "Ki daina zuwa makarantarmu. Ba na son zuwa wurinki. Kina ji mini ciwo. Kayan aikinki suna da..." Ta tsaya. Aka yi raɗa a gefe. "Suna da ƙwayoyin cuta."

"Shalele, Mama ce fa. Mamanki ce."

Aka sake raɗa. "Sai an jima, Anti."

Mai Kitso ta zauna a ƙasan shago da wayar a kunne har bayan an kashe. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka ba ta takardar saki. Miji ana rabuwa da shi a rayu. Wannan kuwa da ranta ake cire ta daga cikin 'yarta, tana ji tana gani.

Mai Ɗinki ce ta tashe ta. "Kuka ba zai dawo da ita ba. Tashi ki koma inda aka yanke hukuncin. In kin zauna jiran su ji kunya, sai ki tsufa a nan."

Ta koma kotu. Aka yi ta ɗaga zama, aka yi ta aikawa da sammaci, a ƙarshe aka tura su ofishin kula da yara, wurin wata jami'a mai farin gilashi da ba ta cika murmushi ba. Nan ta sake ganin 'yarta kusa da kusa. Shalele ta shigo riƙe da hannun Gwaggo, da hula har kunne. Da jami'ar ta ce a cire hular, sai ga kai an aske shi tas.

Mai Kitso ta ƙura wa kan ido. Gashin nan tun yana ɗan tsiro take shafa masa mai.

"Dole ce ta sa," in ji Dakta. "Magani ba ya shiga sai an aske. Mu ma ba mu so ba, Hajiya. Ni da kaina na yi hawaye."

Ya miƙa wayar da hoton. Jami'ar ta duba, ta cire gilashi ta sake dubawa. "Malam, 'ya'ya mata huɗu gare ni. Wannan ƙurajen kitso ne." Ta sa kowa ya fita, ta zauna da yarinyar ita kaɗai. Da ta buɗe ƙofa fuskarta a murtuke take.

"Yarinya 'yar shekara bakwai ce ke ce mini gurɓacewar fatar kai? Na tambaye ta mene ne gurɓacewa, ta ce in tambayi Baba. Na tambaye ta me uwarta ta taɓa yi mata ban da kitso, ta ce ta manta, sai ta je gida ta tuno."

Gwaggo ta ce, "Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, tana jin magana a kanti."

"Tana ji kam," in ji jami'ar.

Rahotonta ya je gaban alƙali. Alƙali ya yi wa Dakta faɗa sosai, ya ce hutun makarantar da ke tafe gaba ɗayansa Shalele wurin uwarta za ta yi shi, kuma wanda ya hana zai gamu da fushin kotu. Dakta ya rusuna ya ce, "Yadda kotu ta ce, ranka ya daɗe. Mu masu biyayya ne." Ko a jikinsa. Mai Kitso ta lura da hakan, amma murna ba ta bar ta ta tsaya tunani ba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, kuma su sun yi watanni suna aikinsu a cikin gida.

Ta wanke ɗakinta har bango. Ta sayi sabon zanen gado mai hoton furanni, da ƙaramin kofi, da takalmin roba. Ta kwashe duk wani mataji da ke ɗakin ta kai shago ta kulle, don kada yarinyar ta gani ta tsorata.

Ran da aka kawo ta, kan lokaci aka kawo ta, karo na farko. Gwaggo ta sauko da kanta, ta rungume yarinyar ta daɗe, tana share ido. "Ki yi haƙuri, kin ji? Ba mu da yadda za mu yi. Ki tuna abin da na faɗa miki." Ta rataya mata jaka ta tafi.

Shalele ta shiga ɗakin ta zauna a bakin ƙofa, jaka a kan cinya, takalmi a ƙafa.

"Zo ki ga gadonki."

"Na gode, Anti. Nan ma ya isa."

"Ga shinkafa da ƙwai, irin yadda kike so."

"Na ƙoshi."

A cikin jakar akwai biskit da robar ruwa. Su ta riƙa gutsura, tana juya baya. Mai Kitso ta shiga ta fita, ta ɗumama abinci ta sauke, ta kunna rediyo ta kashe, ta ɗauko hotunan yarinyar tana jaririya ta baje a tabarma. Shalele ta kalle su ta gefen ido, ba ta taɓa ba. Da wani ƙuda ya sauka a kafaɗarta uwar ta miƙa hannu za ta kore shi, yarinyar ta ƙwalla ƙara ta dunƙule, ta rufe kai da jaka. A zaune ta kwana a wurin, a zaune uwar ta kwana tana kallonta.

Washegari biskit ya ƙare. Mai Ɗinki ta zo da kwano, ta lallaɓa ta, yarinyar ta karɓa ta ci loma kaɗan da sauri, don yunwa ta ci ta. Sai ta tsaya ta ce, "Ke kika dafa?"

Mai Ɗinki ba ta iya ƙarya ba. "Mamanki ce ta dafa miki, da hannunta."

Shalele ta zaro ido. Ta sa yatsa a baki tana kakari, ta amayar da shi duka a kan takalminta, tana kuka tana cewa, "Zan mutu? Anti, zan mutu?"

Mai Ɗinki ta ja uwar waje. "Kin ga abin da suka ɗura mata? To ki daure. Kada ki kuskura ki mayar da ita. Kwana kaɗan ne, za ta ga ba ta mutu ba, za ta sauko. In kika mayar, kin ba su wuƙa da nama."

"Kin taɓa jikinta? Zafi rau. Ko ruwan ɗakina ba ta sha."

"Ki daure, na ce."

Ta daure har rana ta uku ta raba. Leɓen yarinyar ya bushe, idanunta suka faɗa, kukan ma ya daina fita. Can ta rarrafo da gwiwa, ta tsaya nesa kaɗan, ta haɗa hannuwa biyu.

"Don Allah Anti ki mayar da ni gida. Ba zan ƙara ba."

"Ba za ki ƙara me ba, Shalele?"

Yarinyar ta yi tunani. "Ban sani ba. Amma ba zan ƙara ba."

Gaba kura, baya sayaki. In ta riƙe ta, ita ce azzalumar da aka ce. In ta sake ta, ta rasa abin da kotu ta ba ta. Mai Kitso ta dubi bushasshen bakin nan, ta ga ba za ta iya cin shari'a da jikin 'yarta ba. Ta ɗauki mayafi ta tare tasi.

A cikin motar gajiya ta kayar da yarinyar. Kanta ya yi ta lilo, ya yi ta lilo, har ya sauka a kan damtsen uwar. Mai Kitso ta ɗauke numfashi. Ba ta motsa ba, ba ta shafa ba, ta bar hannun ya sage. Da suka kusa kwanar gidan ta ce wa direba a hankali, "Malam, ɗan zaga ta babban titi, zan ƙara maka." Ya dube su ta madubi, ya zaga. Amma titi yana da iyaka.

Dakta na zaune a ƙofar gida da maƙwabta, sai ka ce an gaya masa lokacin. Shalele ta farka, ta fice da gudu ta faɗa jikin Gwaggo. Dakta ya miƙe yana girgiza kai.

"Jama'a ku shaida. Kotu ta ba ta hutu guda. Ba mu je ba, ba mu aika ba. Ita ta kawo ta da ƙafarta."

Gwaggo ta tallafo fuskar yarinyar, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Me na faɗa miki? Ban ce miki ba za ta iya riƙe ki ba? Ga shi nan, kwana biyu ta gaji da ke, ta zo ta yar."

Shalele ta waiwayo. Ita ta roƙa a dawo da ita, amma yarinya ce, ta riga ta manta da wannan. Abin da ta ji yanzu shi ne an yar da ita. Ta dubi uwar da ido cike da hawaye.

"Mama, da gaske kin gaji da ni?"

Kafin Mai Kitso ta buɗe baki, Gwaggo ta ja yarinyar ciki, get ya rufe, sakata ta shiga.

"Ƙarya ne!" Ta faɗa kan ƙarfen tana dukansa da tafin hannu. "Shalele, ƙarya ne! Ban gaji ba! Kina ji na? Ban gaji ba!"

Aka ƙure ƙarar talabijin a ciki. Ta ci gaba da duka, mayafinta ya faɗi, muryarta ta dushe. Mutanen nan da ke zaune sun ga an raba yarinya da uwarta ba duka ba zagi, da raɗa kawai da sannu-sannu, kuma a cikinsu ba wanda ya ga laifi, tunda ba a zubar da jini ba. Abin da suka gani mace ce tana ihu a titi.

Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Kai, Dakta, ashe haƙuri kake yi. Wa zai ba wannan riƙon yarinya?"